Wasiƙa Zuwa ga Ɗana Mai Karatun Lissafi

Assalamu alaikum, ɗana.

Bayan gaisuwa, duk muna lafiya. Ummanka ce ta tsegunta mini wai ka daina zuwa inda abokanka ke haɗuwa yin bita, don kada su gane inda ka gaza. Abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa na ɗauki biro.

Akwai wani masanin lissafi, Stefan Banach, mutumin Poland, haifaffen Krakow a 1892. A hannun riƙo ya tashi, kuma ko digirin farko bai ƙarasa ba. Wata rana a 1916 yana zaune a benci cikin lambun shaƙatawa, suna ta musun lissafi da abokinsa Nikodym, sai wani malami, Hugo Steinhaus, ya zo wucewa ya tsinkayi zancensu, ya ja ya tsaya. Steinhaus ya ba Banach wata tambaya da ta gagare shi shi kansa, kwanaki kaɗan Banach ya dawo da amsa. Da ɗaki ya kulle kansa, wa zai ji shi?

A 1920 ya sami digirin dakta a birnin Lwow, wanda yau yake cikin Yukren. Can ma a gidan shan kofi yake aikin lissafinsa, cikin hayaniya, shi da abokan aikinsa su Mazur da Ulam. Da fensir suke rubutu a kan teburin dutse, in sun tashi ma'aikata su goge. Sai a 1935 matarsa ta saya musu babban littafin rubutu, aka ajiye a wurin. Duk wanda tambaya ta shige wa duhu ya rubuta, wani lokaci har da tukuici. Tambayoyi 193 suka taru. Mazur ya sa dinya mai rai a kan tasa a 1936. Shekara 36 bayan haka wani ɗan Suwidin, Per Enflo, ya warware ta, aka kuwa miƙa masa dinyarsa. Manyan masana ne fa, kuma abin da ba su sani ba shi suke rubutawa, kowa da sunansa a ƙasa.

Taba kam kada ka yi koyi da Banach. Sankarar huhu ce ta yi ajalinsa a 1945, yana da shekara 53.

Na ba direban da ke zuwa ranar Asabar wani littafi mai bango mai kauri, tare da kilishi daga Ummanka. Ka rubuta tambayar da ta fi ba ka kunya a shafin farko, ka kai wa abokanka. In ka zo hutu zan duba.

Naka,
Baba