Yanar da ke kan shayi daga ruwa take, a daina zargin mai shayi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. A shirinku na lafiyar iyali na ji wani mai sauraro yana cewa yanar nan mai ƙyalli da ke tasowa a kan baƙin shayi shaida ce cewa an sa wa ganyen rini, ko kuma mai shayi bai wanke kofi ba. Maganar ta dame ni, domin irinta kan raba bawan Allah da masu ciniki alhali bai yi laifin komai ba.

Masana sun daɗe da bin diddigin wannan yana. A 1993, Michael Spiro da Deogratius Jaganyi na Imperial College da ke Landan sun nuna cewa sai abu uku sun haɗu take samuwa: sinadaran folifenol na ganyen, waɗanda su ne ke ba shayi bauri, da iskar oksijin da ke taɓa saman kofi, sannan sinadaran kalsiyam da bayikabonet da ke narke a cikin ruwa. Iska na sauya folifenol ɗin, sai ya haɗu da kalsiyam kabonet, wato sinadarin da kalsiyam da bayikabonet ɗin ke haifarwa, su kwanta a sama. A da, an ɗauka maiƙon jikin ganyen ne ke tasowa. A 2021 Caroline Giacomin da Peter Fischer na jami'ar ETH da ke Zurik suka sake gwadawa, suka ga cewa a tataccen ruwa da babu kalsiyam ido ba ya ganinta, kuma gwargwadon yawan kalsiyam gwargwadon ƙarfinta.

Ke nan a tambayi inda aka ɗebo ruwan. Ruwan rijiya ko na burtsatse da ya ratsa dutsen farar ƙasa, irin wanda ake haƙa a Kalambaina ta Sakkwato don yin siminti, yakan kwaso kalsiyam da yawa. Ana gane shi: sabulu ba ya saurin kumfa a cikinsa, kuma yana barin farin ɓawo a gindin butar shayi. Wannan ɓawo da yanar kofi danginsu ɗaya.

Yanar ba ta cutarwa. Wanda ba ya son ganinta ya matsa lemon tsami kaɗan, tsamin zai hana kabonet ɗin taruwa, ko ya sha shayinsa da zafi, don tana ƙaruwa ne idan kofi ya daɗe a ajiye. Ta shayi mai madara kuwa daban ce, furotin da kitsen madara ne ke kawo ta.

Ina roƙonku ku gayyato malamin kimiyyar sinadarai ya yi wa jama'a wannan bayani a shiri na gaba.

Naku,
Mai sauraro daga Gusau