Don Allah a rage jifan juna da kalmar Khawarij

Assalamu alaikum Malam Edita,

A ɗan ba ni fili in yi tsokaci kan kalmar nan Khawarij, ko Hawarijawa kamar yadda wasu ke faɗa, don yanzu ta zama ruwan dare, kana leƙa Facebook za ka ga yaron da ko Ahalari bai sauke ba ya liƙa wa dattijo ita, wai don sun saɓa a ƙabalu da sadalu ko ganin wata.

Asalinta fa daga kharaja ne, wato fita. Kuma mutanen sanannu ne a tarihi. Bayan yaƙin Siffin a shekara ta 37 bayan hijira, da Sayyadina Ali ya amince a naɗa masu sulhu tsakaninsa da Mu'awiya, sai wasu daga cikin rundunarsa suka ɓalle suna cewa babu hukunci sai na Allah, suka je suka tare a Harura kusa da Kufa, shi ya sa a tsofaffin littattafai za ka ga ana ce musu Haruriyya. Ali ya ce maganar gaskiya ce amma ɓarna ake nufi da ita. Duk da haka bai ɗaga musu takobi don sun fita ba, sai da suka fara yanka bayin Allah sannan aka gwabza a Nahrawan a shekara ta 38, bayan shekara biyu kuma wani daga cikinsu, Ibn Muljam, ya sare Ali a masallacin Kufa cikin azumi.

To alamarsu ke nan, kafirta Musulmi saboda babban zunubi da halatta jininsa. Wanda ya yi wannan a kira shi da sunan, ba na musu. Kai hatta 'yan Boko Haram da suka dare gida biyu a 2016, Hawarijanci ɓangaren Albarnawi suka zargi Shekau da shi. Amma maƙwabcinka da kuke sahu ɗaya kuna karɓar gishiri a gidan juna, ina ya fita ya je? Ibadawan Oman ma, wato mabiya mazhabar Ibadiyya, da ake danganta tushensu da wancan rikici, ba sa yarda da sunan.

Ku ma 'yan jarida da naku laifin, mazhaba daban, ɗariƙa daban, ƙungiya daban, amma sai a cakuɗa. Wallahi na taɓa karanta "ɗariƙar Izala" a wata jarida, sai da na ajiye kofin shayina.

Naku,
Mai karatu daga Tudun Wadan Zariya