Ƙudan zuman dajinmu ya fi malam-buɗe-littafi shiga haɗari

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in yi magana kan ƙwari biyu.

A 2022 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa monak, malam-buɗe-littafin nan mai ƙaura daga Kanada da Amurka zuwa Meziko, cikin halittun da ke fuskantar ƙarewa, a 2023 kuma ta ɗan sassauta matakin. Ɗaya daga cikin manyan matsalolinsa ta tsiro ce: tsutsarsa ba ta cin komai sai dangin tumfafiya, maganin ciyawa kuma ya kashe su a gonakin can. Ɗan'uwansa na nan, mai ruwan goro da baƙin gefen fiffike da ɗigon fari, bai da wannan damuwa. Tumfafiya ko a juji fita take, ko akuya ba ta cika kula ta ba.

Ƙudan zuman daji ne abin tausayi. Shi sai da kogon bishiya da fure, ga kuma masu gawayi da masu itace sun tasa manyan itatuwa a gaba daga Alkaleri har Darazo. Mai ɗiban zuma ya zo da dare da harshen wuta, ya ƙone sarauniya, ya kwashe saƙar har da mai tsutsa. Ƙwai kan ɗauki kimanin makonni 3 kafin ya zama ma'aikaciya, to in babu sarauniya wa zai saka wani? Gida ya mutu ke nan.

Gyaran ba shi da tsada. Hayaƙin busasshen kashin shanu ya isa ya kwantar da su. A yanki saƙar da aka rufe bakinta da kaki kawai, a bar mai tsutsa da ɗan abin da za su ci. Zumar da ba a rufe ba ruwa ya yi mata yawa, tsami take yi a galan.

Sai feshi. Furen wake da safe yake buɗewa, lokacin ne ƙudan zuma ke kansa. A bari sai bayan la'asar sakaliya, iska ta kwanta. Mai amya kusa da gona a gaya masa tun jajibiri. Malaman gona su riƙa faɗin haka a shirye-shiryen rediyo kafin wake da riɗi su yi fure, don kaɗanya ma sai ƙudan ya ziyarce ta take 'ya'ya sosai.

Wassalam.
Wani mai kiwon zuma, daga Alkaleri, Jihar Bauchi.