Amsa ga Alhajin da ya tambayi nawa aka biya ni

Assalamu alaikum, Alhaji. Ranka ya daɗe.

Ban saurari shirin ba, ɗalibaina ne suka turo mini muryarka ta WhatsApp. A gidan rediyo, Abuja duka tana ji, ka kira sunana ka ce in fito in faɗi nawa IMF, wato Asusun Ba da Lamuni na Duniya, ta biya ni da na yi rubutu ina goyon bayan a sakar wa kasuwa farashin dala, kuma yaushe rabona da in sayi mudun masara da kuɗin aljihuna.

Maganar kuɗin ce ta sosa mini rai. Shekara 22 ina koyar da tattalin arziki, ɗalibaina sun cika ma'aikatun garin nan, ko ɗaya bai taɓa cewa na karɓi sisinsa ba. Da da dala ake biyana, ai da direbanka bai riƙa wuce ni a bakin titin Kubwa ina jiran motar haya ba.

Ka ce a ɗaure naira kamar yadda Saudiyya ta ɗaure riyal a 3.75 kan dala tun 1986. Madalla. Amma wanda ya yanka farashi, shi ne zai sayar wa duk wanda ya zo da kuɗinsa a kan wannan farashin, ko gangar mai ta yi tsada ko ta faɗi. Saudiyya tana da ajiyar ɗaruruwan biliyoyin daloli, shi ya sa take iyawa. Mu kuwa a 2023 Babban Banki alƙawarin dala wajen biliyan 7 ne a wuyansa ya kasa cikawa. Ko sefar maƙwabtanmu na Nijar, da Faransa ke tsaya mata, sai da aka raba darajarta biyu a Janairun 1994.

Kuma mun gwada, Alhaji, kai shaida ne. Zamanin Abacha dala naira 22 ce a takarda, a kasuwa ta haura 80. Kafin Yunin 2023 gwamnati na cewa 460 da 'yan kai, 'yan canjin Zone 4 na sayarwa wajen 750. Wa yake samun ta 460? Ba mai kemis a Wuse ba, ba mai kayan gyaran mota a Apo ba. Su a Zone 4 suke saye, a kan wannan farashin kuma suke sa wa talaka kuɗin magani. Wanda yake da uwa a gindin murhu, ya samu dala miliyan ɗaya daga banki da safe, kafin la'asar ya ci ribar kusan naira miliyan 300 bai ƙera ko allura ba. Ban ce kana cikinsu ba. Na dai lura waɗanda suka fi kukan a dawo da tsohon tsari duk 'yan unguwa ɗaya ne, kuma mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Batun cewa turancina ya yi yawa, na bar maka wannan.

Abin da ba ka karanta wa masu sauraro ba shi ne sauran rubutun nawa. Cewa na yi farashi ya zama ɗaya, Babban Banki ya riƙa shiga da dalarsa idan kasuwa ta haukace, ba a saki naira a juya mata baya ba. Na ce gwamnatin da ta ci bashin naira tiriliyan 22.7 daga Babban Banki, wato kuɗin da aka ƙirƙiro ba tare da an noma ko an ƙera komai ba, ba ta da bakin zargin ɗan canji. An cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, an saki naira ranar 14 ga Yuni, ba a tanadar wa mai albashi komai ba. Zuwa Fabrairun 2024 dala ta doshi 1,900 a kasuwa, hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen shekarar. Albashina ya narke tare da na kowa, kuma masu mulkin da suka yi wannan gaggawa ba su taɓa tambayar irinmu ba, sai abu ya ɓaci a ce malamai ne suka ba da shawara.

Masara kuwa, ranar Asabar na auno mudu biyar a kasuwar Kubwa, mai awon ya san ni da suna. Ni ma ga tawa tambayar, ka amsa a shirin da ka yi taka: dalar da ka yi odar kaya da ita a 2022, a kan nawa ka same ta, kuma wa ya sa maka hannu?

Naka,
Malamin da ka kira ɗan koren IMF
Kubwa, Abuja