Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Henriette Reker, tsohuwar magajiyar garin Kolon na ƙasar Jamus

Ranki ya daɗe,

Gaisuwa da fatan alheri. Tun da kika miƙa wa Torsten Burmester ragamar Kolon a Nuwamban 2025 ake ta auna shekaru goman da kika yi, wasu na yabo, wasu na cewa gara da kika tafi. Mu baƙin garin ba a cika tambayarmu ba, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Da Hausa kuma na rubuta, domin daga wannan birni Muryar Jamus ta daɗe tana magana da iyayenmu kafin ta koma Bonn a 2003. Akwai tsofaffi a Kano da Damagaram da sunan Kolon ba baƙo ba ne a kunnensu.

Duk mai ba da labarinki da wuƙa yake farawa. Ranar Asabar 17 ga Oktoban 2015, jajibirin zaɓe, kina raba wa mutane furanni a kasuwar Braunsfeld, wani mai ƙyamar baƙi ya matso kamar zai karɓa, ya soka miki wuƙa a wuya, ya kuma raunata mutum huɗu. Laifinki a wurinsa shi ne ke ce jami'ar da ke nema wa 'yan gudun hijira makwanci, a shekarar da kusan mutum dubu 900 suka shigo Jamus neman mafaka. Washegari kina kwance a asibiti ba ki san inda kanki yake ba, aka zaɓe ki da sama da kashi 52 cikin ɗari, ba tare da katin wata jam'iyya ba, mace ta farko a wannan kujera. Shi kuma kotu ta ɗaure shi shekara 14.

A wurina, jarrabawar gaske daga baya ta zo. A daren shiga 2016, a filin da ke tsakanin tashar jirgin ƙasa da babbar majami'a, aka ci zarafin ɗaruruwan mata, kuma da yawa cikin waɗanda aka zarga samari ne daga arewacin Afirka. Abin kunya ne, mu ma ya taɓa mu, don bayan nan kallon da ake yi wa duk wani baƙo a cikin jirgi ya canza. A nan kika yi tuntuɓen harshe, kika shawarci mata su riƙa barin tazarar tsawon hannu tsakaninsu da wanda ba su sani ba. Ranki ya daɗe, wannan magana ba ta yi ba. Macen da gungun maza suka yi wa zobe a cunkoso, ina za ta samo tazara? Sai ya zama kamar wadda aka zalunta ake ɗora wa nauyi.

Amma da wani ɗan siyasar ne, da ya wanke kansa da mu. Lokacin babu abin da ya fi zagin baƙi kasuwa. Ke ba ki bi wannan layi ba. A 2018 ke da magadan garin Bonn da Düsseldorf kuka rubuta wa Angela Merkel, shugabar gwamnatin Jamus a lokacin, cewa biranenku a shirye suke su karɓi waɗanda aka tsamo daga Bahar Rum. Wanda ya san abin da ake gani a hanyar Agadez zuwa Libiya ya san ko su wa ake nufi.

Sai kiran sallah. A 2021 kika ba masallatai damar neman izinin yin sa da lasifika ranar Juma'a, tsakanin sha biyu da ƙarfe uku, kada ya wuce minti biyar, da iyakar ƙara, a kuma sanar da maƙwabta. Ranar 14 ga Oktoban 2022 aka fara a babban masallacin unguwar Ehrenfeld, wanda ƙungiyar Turkawa ke gudanarwa. Gaskiya in ka ɗan yi nisa ƙarar motoci ma ta danne shi, amma dubi ƙurar da aka tayar a kanki! Masu cewa kin zama 'yar amshin shatan Turkiyya sun manta cewa ranar da Erdogan ya zo buɗe masallacin nan a 2018 ba ki taka wurin ba. A Disamban 2022 kuma kika sa hannu Kolon ta mayar wa Najeriya mallakar kayan tarihin masarautar Benin guda 92, cikin waɗanda sojojin Birtaniya suka wawashe a 1897. Mun gani, mun gode.

Inda aka gaza ma mun gani. Gidan wasan opera da aka rufe tun 2012 kan za a buɗe a 2015, har kika sauka ana ta gyara, kuɗin ya ninka fiye da sau uku a kan Yuro miliyan 253 da aka faɗa da farko. Neman gidan haya ya zama tashin hankali, balle in sunanka Abdullahi ne. Dandalin Neumarkt kuwa masu shaye-shaye sun mayar da shi gida. Ke da bakinki kin amsa cewa garin na lalacewa.

Ga abin da ya sa na rubuta. Duk abin da kika yi mana, daga halinki ya fito, ba don muna da ƙuri'ar da za mu tsorata ki da ita ba. Bafaranshe ko ɗan Poland da ya tare kwanan nan yana zaɓen magajin gari, saboda ƙasarsa tana cikin Tarayyar Turai. Ɗan Nijar ko Gana da ya yi shekara ashirin yana tuƙa bas, yana biyan haraji, 'ya'yansa na makarantun garin, ba shi da ta cewa muddin bai karɓi takardar zama ɗan ƙasa ba. An ba mu majalisar harkokin baƙi, amma shawara kawai take bayarwa. Na san kotun tsarin mulki ta rufe wannan ƙofa a 1990, kuma buɗe ta sai an gyara kundin da rinjayen kashi biyu cikin uku, abin da ya fi ƙarfin magajin gari. To yanzu ba kya neman kujera, babu jam'iyyar da za ta ja miki kunne, ke lauya ce, kuma idan kika yi magana a kan baƙi ba wanda zai ce ba ki biya kuɗin bakinki ba. Roƙona ki fito fili ki nemi a ba duk wanda ya daɗe a gari damar zaɓen shugabannin garinsa, ki kuma ja tsofaffin takwarorinki na sauran birane su sa baki.

Allah ya ƙara lafiya.

Naki,
wani Bahaushe mazaunin Kolon