Wasiƙa daga Bardonecchia

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da Inna da dukkan mutanen gida. Ni ma lafiya lau, sai sanyi da muke ta fama da shi.

Ka tambayi inda na koma bayan na bar Turin. Sunan garin Bardonecchia, can cikin duwatsun Alps, tudunsa ya haura mita 1,300. Daga Turin tafiyar kamar awa ɗaya da rabi ce a jirgin ƙasa, kuma tasharmu ita ce ta ƙarshe a Italiya. Da jirgi ya tashi daga nan sai ya shige ramin Fréjus da aka huda a ƙarƙashin dutse, aka buɗe tun 1871. Tsawonsa ya fi kilomita 13, in ka ɓullo ka ɓullo a Modane, Faransa ke nan. Ina aiki a kicin ɗin wani otal kusa da tashar, wanke-wanke da firar dankali. Kasuwarmu ta hunturu ce, lokacin da Turawa ke cika jirgi suna zuwa wasan sulu a kan ƙanƙara.

To Yaya, maganar Auta ce ta sa na zauna rubutun nan. Inna ta ce ya fara tara kuɗin hanya, wai wani ya faɗa masa in dai ya taka Italiya, shiga Faransa kamar shiga ɗakin uwarsa ne. Wallahi ƙarya aka yi masa.

Tun 2015 Faransa ta koma binciken takardu a iyakarta. 'Yan sanda na shiga jirgi a Modane, wanda ba shi da takarda a sauke shi, a dawo da shi nan. Shi ya sa yaran suke bin dutse da ƙafa. Ina ganinsu in na tashi aiki, sun sauko daga jirgin dare, 'yan Gini, 'yan Mali, 'yan Kwaddebuwa, wasu ko gemu bai fito musu ba, da takalmin kambas da 'yar rigar da ba ta tare iska. Mashigar da suke nufa, Colle della Scala, ta fi mita 1,700, kuma cikin duhu suke hawa don gudun masu sintiri. Akwai waɗanda aka yanke wa yatsu saboda sanyi ya cinye su. Akwai waɗanda sai da ƙanƙara ta narke aka tsinci gawarsu. Mutanen kirki na garin da 'yan sa-kai suna ba su shayi da bargo da takalma, suna roƙonsu kada su hau, amma wanda ya ƙetare Sahara da teku ba ya jin kira a nan.

Don Allah ka zaunar da Auta, kai yake jin kunya. Gwamnatin Italiya na ware gurabe ga ma'aikatan gona da na otal daga waje, mai aikin ne ke nema wa mutum, ya shigo da bizarsa. Zan tuntuɓi maigidana, ban dai yi alkawari ba. Kada ya ba kowane dillali ko sisi, 'yan damfara sun yi yawa a harkar.

Ƙarshen wata zan turo Yuro 150, a fara da maganin Inna. Ka gaida matarka da yara, ka ce wa Inna ta ci gaba da sa ni a addu'a.

Wassalam,
ƙaninka.