Rahoton Kwamitin Gyaran Tashar Auna Ruwan Sama da Zafi ta Bakin Kogi

Aikin da kuka ɗora mana ya kammala, ga bayaninsa.

Halin da muka tarar da tashar bai yi mana daɗi ba. Shinge ya zube. Farin akwatin da ma'aunin zafi ke ciki fentinsa ya koɗe, zanzaro kuma ya yi gini ya toshe kafofin iska. Irin wannan akwati idan ya yi duhu rana yake sha, sai ma'auni ya riƙa nuna zafin da ya wuce na gaskiya. Kafinta ya sauya katakon da ya ruɓe, aka shafa farin fenti, aka daidaita tsayinsa da ƙa'idar Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya, wato tsakanin mita 1.25 da mita 2 daga ƙasa. Shingen ma an tayar.

Inda muka daɗe muna muhawara shi ne bishiyar da ta yi wa ma'aunin ruwan sama rumfa. Wasunmu suka ce a ɗauke tashar a kai ta fili. Da farko shawarar ta kwanta mana, amma muka ƙi. Kafin a ce ga yanayin wani wuri, sai an tara awon shekara 30, kuma zangon shekarun da duniya ke kwatance da shi yanzu shi ne na 1991 zuwa 2020. Da mun matsar da ita, duk sauyin da ya bayyana nan gaba ba wanda zai iya rantsewa ko daga sama yake ko daga sabon wurin. Rassan muka sare. Mun kuma kafa sabon ma'aunin ruwan sama gefen tsohon, za a riƙa duba su tare har shekara ta zagayo.

Kada a raina ɗan lambar da ake rubutawa kowace safiya. Milimita 1 na ruwan sama na nufin lita 1 a kan kowace murabba'in mita, kuma iska na iya ƙara riƙe danshi da kusan kashi 7 cikin 100 duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri 1 na ma'aunin Salshiyas. Shi ya sa idan zafi ya ƙaru, ruwa kan iya zubowa da yawa lokaci guda kogi ya cika ya batse.

Tsofaffin littattafan awo kuwa, gara ta ci gefen wasu. Waɗanda ke karantuwa mun ɗauki hotonsu shafi-shafi, mun adana su a akwatin ƙarfe. Shafukan da suka lalace mun bar gurbinsu fayau, ba mu cike da ƙiyasi ba. Saura shigar da lambobin cikin kwamfuta, kuma muna neman masu sa kai.